Na ci bak, wane fanni zan bi? Muhawarar ƴan Adar kan karatun "ci gaba mai ɗorewa"

Ramatu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Alhamdulillahi na ci bak D, wato na ɓangaren kimiyya, bana a nan Tawa. Yanzu zaɓen fanni ne ya tsaya min a rai. Akwai wata makarantar kuɗi a Yamai da ke tallar lisans a kan "ci gaba mai ɗorewa", sun ce wanda ya gama ƙungiyoyin ONG da porje-porje ke ɗaukarsa. Kuɗin shekara ba kaɗan ba ne, amma Baba ya ce in dai akwai aiki a ƙarshe zai sayar da shanu ya biya. Ni kuma ina tunanin in zauna nan Jami'ar Djibo Hamani in karanta tattalin arziki ko aikin gona. Don Allah wanda ya san kan abin ya ba ni shawara kafin a rufe rajista.

Lawali: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki. Kar ki bari Baba ya taɓa shanun nan tukuna. Ni lisans na yi a ilimin zamantakewa, na ɗora masta a kan tafiyar da porje da ci gaba mai ɗorewa a wata makarantar kuɗi. Na iya rubuta takardar neman tallafi, na haddace ODD 17 ɗin nan tsaf. Amma duk sanarwar ɗaukar aiki da ta fito, sai ka tarar injiniyan ruwa ake nema, ko masanin abinci mai gina jiki, ko mai lissafin kuɗi, kuma mai gogewar shekara 3 ko 5. Fannina ƙari ne kawai a wurinsu. Na yi sitaji a wata ƙungiya wata da watanni, ko kuɗin man babur ba a ba ni ba, da porjen ya ƙare aka miƙo min takardar shaida. Yau a shagon tura kuɗi nake aiki. Ba na raina shi, shi ke ciyar da ni, amma ba sai da masta ake yinsa ba.

Balkisa: Yaya Lawali, wai mene ne ODD ɗin? Kullum a rediyo sai an ambace shi.

Malam Abdu: Balkisa, muradu ne 17 da ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da su a watan Satumba na 2015, da niyyar cim musu kafin 2030. Wanda ya shafi maganarmu shi ne na 8, wato aiki mai mutunci da bunƙasar tattalin arziki. A cikinsa an nemi ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu su riƙa samun ƙaruwar arziki ta aƙalla kashi 7 cikin 100 a shekara, a rage matasan da ba sa karatu ba sa aiki ba sa koyon sana'a, a hana sa ƙananan yara aikin wahala, a kuma taimaki ƙananan sana'o'i su yi rajista su fito fili.

Ramatu, tattalin arziki nake koyarwa, ga abin da nake gaya wa ɗalibaina. Ci gaba mai ɗorewa kamar gishiri yake a miya, miyar da babu shi ba ta ciwuwa, amma ba a zuba shi shi kaɗai a kwano a ce ga abinci. A matakin lisans ki nemi fannin da zai sa miki abu a hannu: ki iya auna ƙasa ki faɗi abin da ta rasa, ko ki iya lissafin famfon da zai ɗaga ruwa daga rijiya mai zurfin mita 40, ko ki iya riƙe littafin kuɗi na kamfani har ƙarshen shekara ba gyara. In kin samu wannan, sai ki ɗora masta a kan muhalli ko sauyin yanayi, a nan zai yi miki amfani. Hanyar ma tana nan cikin ƙasa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana horar da masana ruwa da yanayi na ƙasashen CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, kuma a Jami'ar Abdou Moumouni akwai shirin WASCAL a kan sauyin yanayi da makamashi. Duk waɗannan mai tushen kimiyya suke ɗauka, ke kuma bak D gare ki.

Lawali: Malam, gaskiya ne, sai dai kar a ɗora wa yara laifi. Mu ba wanda ya gaya mana haka lokacin da muke zaɓe. Tallar muka gani muka bi.

Malam Isufu: Ɗiyata Ramatu, Allah ya sa albarka. Ni malamin gona ne mai ritaya, a IPDR ta Kollo, makarantar horar da malaman gona, na yi karatu, kuma yawancin aikina a tsakanin Keita da Buza da Illela na yi shi. Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona, don tun kafin a raɗa wa abin suna muna yinsa.

Bayan farin 1984, wanda mutanenmu ke kira El-Buhari, aka fara porjen Keita da kuɗin ƙasar Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Tuddan da suka zama faƙo, ko ciyawa ba ta fita, aka dinga jera musu duwatsu, ana haƙa ramuka a gangare don su tare ruwa, ana gina madatsu a cikin ƙoramu, ana dasa itatuwa miliyoyi. Mata ne suka yi mafi yawan aikin nan, don mazan sun tafi cin rani, kuma da abinci ake biyan su. Kafin wannan ma, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don su kare gonaki daga iska. Daga baya manoman Illela suka je Yatenga a Burkina suka ga yadda ake gyara ramin shuka a zuba taki, suka dawo suka inganta namu ramin da ake kira tassa, har mutane suka fara sayen faƙon da a da ko kyauta ba mai karɓa.

To a duk wannan aikin, wa muka rasa? Ba mai jawabi a taro muka rasa ba. Mai auna gangare muka rasa, wanda zai ce a nan za a sa madatsa ba can ba. In aka kuskure wuri, damina ɗaya ruwa zai kwashe aikin mata ɗari. Mun rasa wanda ya san irin itacen da zai rayu a kan dutse, da wanda zai bi gonar shekara da shekaru yana rubuta abin da ta bayar. Irin waɗannan mutane sau da yawa daga waje ake kawo su, albashin mutum ɗaya ya fi na mu goma. Abin yana min ciwo har yau. Yanzu ga tsangayar kimiyyar noma a cikin garin Tawa, ga ta Maraɗi da ta haɗa noma da muhalli, ga ta Yamai wadda ta girme su. Da ƴata ce ke, can zan tura ki.

Ramatu: Na gode Baba Isufu. Amma ana ce min aikin gona wahala ne ga mace, kullum cikin daji da rana.

Balkisa: Ƙawata, wa ya gaya miki? Yayata agronomi ta karanta, a ɗakin gwajin iri take aiki, tana fita ƙauye lokacin shuka da lokacin girbi. Kuma ta ce akwai gidajen da namiji malamin gona ba zai shiga ya yi magana da matan ba, ita kuwa har tsakar gida. Masu lambun kabeji da zogale da masu kiwon awaki ai mata ne da yawa. Wahalar da take faɗa ita ce ta hanya, don akwai yankunan da yanzu ba a zuwa saboda rashin tsaro. Wannan kuwa ta shafi maza da mata.

Alhaji Nomau: Salamu alaikum jama'a. Ni ban yi lakkwal mai nisa ba, albasa nike saye ina kaiwa Gana da Abijan tun ina saurayi. Malam Isuhu ya yi magana ta gaskiya, ni kuma ga tawa. Ga watan Maris da Afrilu, lokacin da kowa ya haƙe, albasa ba ta da daraja ko kaɗan, manomi shina saida buhu da hawaye don bashin mai da na taki sun taso shi. In anka kai Satumba zuwa Disamba, buhun nan guda sai shi ninka kuɗinshi sau da yawa. To mi ya hana manomi shi aje? Ruɓa. Mu zuba cikin rudu, ma'ajinmu na gargajiya, damina ta sauka, zafi da laima su shiga, in munka buɗe sai mu iske babban kaso ya tahi. Tun zamanin iyayenmu haka abin yake.

Albasar Galmi duniya ta san ta, har rajista anka yi mata ga hukumar OAPI mai kare sunayen kaya ga ƙasashen Afirka don kar wani shi ɗauki sunanta. Amma har yau ban ga yaron da ya zo min da difloma ya ce Alhaji ga yadda za ka gina ma'aji mai iska, ga kuɗin da za shi ci, ga buhun da za ka tsirar ba. Waɗanda sunka zo, takardar tambayoyi sunka kawo, munka amsa, sunka tahi. Wallahi duk yaron da ya iya rage min ruɓa, ni da kaina zan biya shi, ba sai ya jira gwamnati ba.

Malam Abdu: Alhaji, wannan magana taka ta fi lacca. Kuma ka lura aikin da ka faɗa ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai na masanin noma, wanda zai ce a daina ban ruwa kwanaki kafin haƙa, a rage takin zamani mai sa albasa ta cika ruwa, a bar ta ta sha iska a inuwa kafin a zuba. Akwai na mai gini. Akwai kuma na wanda ya karanta tattalin arziki, don ko ma'ajin ya yi kyau, manomin da bashi ya taso ba zai ajiye ba. Shi ya sa aka fito da tsarin warantaji: ƙungiyar manoma ta zuba amfani a rumbu a kulle da kwaɗo biyu, asusun bashi ya ba su kuɗi a kan kayan, in farashi ya tashi su sayar su biya. A gero da wake abin yana tafiya, a albasa ya fi wuya saboda ruɓar da ka faɗa. Don haka Ramatu, kar ki ɗauka na kore miki tattalin arziki. Wanda ya karanta shi a FADEG, tsangayar shari'a da tattalin arziki ta nan Tawa, ya kuma san kasuwar Galmi da ta Badagishiri da ƙafarsa, yana da abin yi. Wanda ya haddace darasi don jiran konkur kaɗai, shi ne zai daɗe a gida.

Ila: Ni bari in sa baki ta ɓangaren wuta. Lantarki na karanta shekara 2 a IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'a, yanzu sola nake haɗawa tsakanin Ƙonni da Madawa. Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa, mutane suka farga. Masu lambu suna barin injin mai suna komawa famfon sola, masu shago suna son firji, asibitocin ƙauye suna son wurin ajiye allura. Aiki yana nan. Matsalar ita ce kowa ya zama mai haɗa sola, a sa waya siririya inda ake son mai kauri, a haɗa batir da allon da bai kai ba, wata 6 batir ya mutu, mai gida ya ce sola ƙarya ce. Wanda ya iya lissafin abin da kyau ba ya rasa kira.

Kuma abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Abdou Moumouni da aka sa wa jami'ar Yamai sunansa masanin hasken rana ne, shi ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin hasken rana, shekaru da dama. Ga tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018 a nan jiharmu, ga ta Gorou Banda mai megawat 30 a Yamai. Ramatu, in lissafi da fizik ba sa ba ki tsoro, ki duba wannan hanyar ma. Shekara 2 ko 3 kin fito.

Hadiza: Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na yarda da mafi yawansa. Amma akwai rabin maganar da aka tsallake. Muradi na 8 bai ce aiki kawai ba, cewa ya yi aiki mai mutunci. Ni shari'a na karanta, dokar ƙwadago nake aiki da ita kullum. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya, OIT, ita ta fito da wannan magana a 1999, kuma abin da take nufi a fili yake: a samu aikin, a biya haƙƙi, a kare mutum in ya yi ciwo ko ya tsufa, a kuma bar shi ya yi magana ta bakin ƙungiyarsa.

A dokarmu ta 2012, awa 40 ne aikin mako, mace mai ciki tana da hutun mako 14, ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Mafi ƙarancin albashi ya daɗe a kan sefa 30.047, daga farkon 2024 ya koma jika 42. Mai ɗaukar ma'aikaci dole ya yi masa rajista a CNSS, asusun ƙasa mai kula da fansho da diyyar ma'aikata. Yanzu ku duba cikinmu nan, mutum nawa ke da lambar CNSS? Yaya Lawali, kana da ita a shagon? Ila, in ka faɗo daga saman rufi kana ɗaura allo, wa zai biya asibiti? Na ga mai lisans tana koyarwa a makarantar kuɗi a kan abin da bai kai jika 42 ba, ba takardar kwantaragi, in an yi hutu babu albashi. A ƙidaya za a ce tana da aiki.

Lawali: Ba ni da ita, Hadiza. Ko takarda ba mu rubuta ba, da baki muka yi magana.

Ila: Ni ma babu. Kuma yara 2 ke bi na aiki, kullum in mun tashi nake sallamar su. Ban taɓa kawo wa raina cewa ni ma mai ɗaukar ma'aikata ba ne.

Hadiza: To ka gani. Kuma Alhaji, da girmamawa, kai ma tambayar ta zo kanka. Masu yanke ganye da masu cika buhu da masu lodi, nawa suke tashi da shi a wuni? Akwai yara ƙanana a cikinsu ko babu?

Alhaji Nomau: Ɗiyata, ba ki yi laihi ba da kinka tambaya. Amma ki san yadda abin yake. Aikin albasa na wata 2 zuwa 3 ne, mutum shi zo yau, gobe shi tahi wurin wanda ya ƙara mishi dala ashirin. Wa zan rubuta ma takarda? Kuma ni kaina ba ni da tabbas. Mota ta kwana 10 ga iyaka, kaya su ruɓe, asarar tawa ce ni ɗaya, masu lodi sun riga sun amshi nasu. Dokar nan taku an yi ta don masu ofis. Yara kuwa, ina hana su ɗaukar buhu, amma in uwa ta zo da ɗanta suna yanke ganye, in kore shi su kwana da yunwa?

Hadiza: Na ji, Alhaji, kuma ban ce kai azzalumi ne ba. Amma dokar ba ta masu ofis kaɗai ba ce, ta san aikin lokaci, ta san na wuni, har ma ta ware wa aikin gona nasa lissafin, awa 2.400 a shekara. Inda na ba ka gaskiya shi ne hanyar biyan CNSS an tsara ta ne a kan mai albashin wata, alhali mafi yawan ƴan ƙasar nan noma da kiwo da ƙananan sana'o'i suke yi. To wa zai zauna ya tsara yadda mai lodin albasa zai riƙa zuba kaɗan-kaɗan lokacin kaka, ya samu magani lokacin da baya ya ƙi? Sai wanda ya karanta shari'a ko inshora ko lissafi, kuma ya san tashar lodi. Shi ya sa ba na son a ce wa yara kowa ya tafi noma da lantarki. Wannan ɓangaren ma babu mutane.

Mahamadu: Gaisuwa daga Abijan. Ina bin ku tun ɗazu. Unguwar da nake, in ka kira "ɗan Tawa" mutum goma za su waiwayo. A da waɗanda ba su yi lakkwal ba ne ke zuwa, yanzu har masu lisans muna tare, wani yana tura baro, wani yana sayar da waya a bakin titi. Ana ta cewa arzikin Nijar yana ƙaruwa saboda man fetur. Malam Abdu, in yana ƙaruwa, me ya sa motocin da ke fitowa daga gida suke cike?

Malam Abdu: Mahamadu, tambayarka ita ce asalin dalilin da ya sa aka haɗa aiki mai mutunci da bunƙasar arziki a muradi ɗaya. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 da ganga 20.000 a rana. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kusan kilomita 2.000, ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024. Wannan yana ɗaga alƙaluman arzikin ƙasa sosai. Amma man fetur sana'ar injuna ce. Lokacin shimfiɗa bututu ana ɗaukar leburori da yawa, in an gama sai ƴan ƙwararru kaɗan su rage. A ɗaya gefen, ƙidayar 2012 ta same mu miliyan 17 da ɗoriya, lokacin muna ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 a shekara, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara dubban ɗaruruwa ke isa shekarun neman aiki. Rijiyar mai ba za ta ɗauke su ba, gwamnati ma ba za ta iya ba.

Inda mutane suke da yawa, nan ne ƙaruwar za ta taɓa su: gona, garke, fata, nono, albasa, gini, sufuri. Kuɗin man in ya shiga ban ruwa da hanyoyi da wuta da makarantun sana'a, sai Mahamadu ya ga dalilin dawowa. Jami'o'in ma an baza su da wannan niyyar, Tawa da Maraɗi da Damagaram a 2010, sannan Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, don kowace ta dubi arzikin yankinta. Masu son aikin ma'adinai da mai kuma ga EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai, a Yamai, amma su sani kujerun ƙididdigaggu ne.

Lawali: Malam, a nan ne nake da ja. Duk taron da aka kira matasa sai a ce mana kar ku jira gwamnati, ku ƙirƙiro aikin kanku. Da me? Na je na yi rajistar kamfani, wannan bai yi wuya ba. Da na je neman bashi sai aka ce in kawo takardar fili ko gida. Wanda ubansa ke da gida a Yamai shi zai ƙirƙiro aiki, ɗan talaka kuwa sai dai a ba shi horon kwana 5 da hula da riga. Ina ganin kalmar nan ta zama hanyar sauke nauyi daga kan manya a ɗora wa wanda ya fito jiya.

Malam Abdu: Ban musa ba. Ba kowa aka halitta ɗan kasuwa ba, kuma ƙasa ba ta ginuwa da shaguna masu mutum ɗaya ɗaya. Amma ka dubi Ila. Bai fara da bashin banki ba, da akwatin kayan aiki ya fara, don abin da ya koya ana biyan kuɗi a kansa tun ranar farko. Bambancin da nake nuna wa Ramatu ke nan.

Lawali: Ila ya samu, Allah ya ƙara. Amma ƴan ajinsu nawa ne suka samu? Kar mu ɗauki mutum ɗaya mu rufe bakin sauran.

Ila: Gaskiya ba duka ba. Wasu sun shiga koyarwa ta kwantaragi, wasu suna bautar ƙasa suna jiran a ɗauke su. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne waɗanda tun muna karatu suke bin masu gyara ranar Asabar da Lahadi. Aikin hannu sai an taɓa.

Malam Isufu: Wannan ita ce maganar da nake so malaman jami'a na cikin zauren nan su ɗauka. A Kollo ba a ba mu takarda sai mun yi damina a ƙauye, mun kwana inda manomi ke kwana. Me zai hana ɗalibin noma na Tawa ya yi rubutun ƙarshen karatunsa a kan rudun Alhaji, ya auna zafi da laima daga Afrilu zuwa Oktoba, ya ƙirga abin da ya ruɓe? Na shari'a ya je tashar lodi, na tattalin arziki ya bi buhu ɗaya daga Galmi har Accra ya rubuta inda kowace dala ta tsaya. Sassaben zamani da ya mayar da itatuwa a miliyoyin eka a Maraɗi da Damagaram, manoma ne suka yi shi da hannunsu, masu bincike daga baya suka zo suka auna. Ƴaƴanmu ya kamata su riƙa yin awon nan.

Ramatu: Iyayena na gode ƙwarai. Na karanta wa Baba duka. Hankalina ya fi kwanciya da aikin gona a nan gida, in Allah ya sa na gama sai in nemi masta a kan ruwa. Amma ƙawata ita ta riga ta ƙudurta zuwa makarantar kuɗi a Yamai. Me za ta duba kafin ta biya?

Hadiza: Ta nemi ganin takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma ta tabbatar izinin ya shafi fannin da za ta yi, ba sunan makarantar kawai ba. Ta tambaya ko CAMES, hukumar tantance diflomomi ta ƙasashen Afirka, ta amince da diflomar, don in ba haka ba za ta sha wuya in ta so ci gaba a wata ƙasa. Ta karɓi jerin darussa ta ƙirga nawa ne na lissafi da ƙididdiga da aikin fili. Sannan ta ce a haɗa ta da waɗanda suka gama shekara 2 da suka wuce, ta ji inda suke daga bakinsu. Makarantar da ta ƙi wannan, ta riƙe kuɗinta. Ke kuma kar ki manta da ajiye takardunki na neman burs a ANAB, hukumar da ke ba da shi, da wuri.

Balkisa: A ƙara da wurin kwana. Yamai haya da abinci kan iya fin kuɗin makarantar.

Alhaji Nomau: Malam Isuhu, rudu na nan, duk ɗalibin da malaminshi ya turo, ƙofa a buɗe take, abinci da wurin kwana ni zan ɗauka. Hadiza kuma, na kwana da maganarki. Masu aikin kaka har yanzu ban ga yadda zan yi da su ba, kuma ban yarda laihina ne ba. Amma akwai mutum 2 da ke tare da ni rani da damina, direba da mai gadin ma'aji, mai gadin ya hi shekara 10 wurina. Su mi ya kamata in yi musu?

Hadiza: Alhaji, su kam ba wata gardama, ma'aikatanka ne na dindindin a idon doka ko da ba a rubuta komai ba. Ka je ofishin CNSS na Tawa ka yi rajista a matsayin mai ɗaukar ma'aikata, sannan a yi wa kowannensu tasa lamba. Kai za ka riƙa zuba kaso mafi girma, a cire ƙarami daga albashinsu, shi ne zai zama fanshonsu da kuɗin iyali da diyya in hatsari ya same su a bakin aiki, direban nan ma ya fi kowa buƙata. Takardar kwantaragin ka rubuta aikin kowa da albashinsa da ranar hutunsa, ka kai wa sufeton ƙwadago ya duba. Ka turo min albashin da kake ba su ta akwatina, zan lissafa maka abin da zai kama a wata kafin ka je. Ila, kai ma ka turo na yaranka.